Hukuncin Jirgi Mai Inji da Ladubban Tuƙinsa a Ruwayen Gana

Kakannin mutanen da ke zaune yau a Nima da Maamobi da Sabon Zango da sauran unguwannin Hausawa na Ankara, babban birnin ƙasar Gana, ba ma'abota ruwa ba ne. Fatake ne da malamai da mahauta da dillalan shanu, waɗanda suka keto daji da jakuna daga Kano da Katsina da Sakkwato suna biɗar goron Gwanja, kuma a zamanin da hanyar kudu ta buɗe musu, idan tafiya ta kawo su gaɓar kogin Volta a mashigin Yeji, madugu yakan sauke ayari, a nemi masu fito, a yi ciniki, sa'an nan a damƙa musu rai da dukiya, domin babu wanda ya taɓa raya wa ransa cewa wayon kasuwa ko zurfin karatu zai tsaya masa a madadin sanin kogi.

Jikokinsu kuwa sun sami abin da su ba su samu ba. Kashegarin Sallah, ƙarama ko babba, ƙungiyoyin matasa sukan haɗa kuɗi su ɗauki shatar motoci tun da asuba, wasu su nufi bakin teku na Labadi ko Bojo, wasu su miƙa kimanin kilomita 100 zuwa Ada Foah, inda Volta ke zuba cikin teku, wasu kuma su haura Akosombo. A can akwai ƙananan jirage masu inji da ake haya don yawon shaƙatawa, akwai kuma babur ɗin ruwa, wanda akan miƙa wa saurayi bayan bayanin da bai wuce 'yan mintoci ba, alhali bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba. Wasu daga cikin 'yan'uwanmu da Allah ya buɗa wa, musamman masu zuwa hutu daga Turai da Amurka, har sukan yi sha'awar sayen nasu jirgin su ajiye a bakin kogi. Ni ban ga aibin wannan nishaɗi ba, domin fita a dubi ikon Allah cikin halittarsa abu ne mai kyau, kuma yaron da ya tashi cikin cunkoson lunguna ya cancanci ya buɗe ido ya ga sarari. Abin da nake so in tabbatar shi ne, duk wanda ya kama injin jirgi ya ɗauki amanar rayuka, kuma amanar nan tana da ilimi da doka da hukunci, waɗanda jahiltarsu ba ta zama uzuri a gaban alƙali, ba ta kuma zama uzuri a gaban Mahalicci.

Mafarin ɓarna ƙiyasi ne wanda bai inganta ba. Unguwanninmu cike suke da gwanayen direbobi, masu tuƙa tirotiro da tasi da manyan motocin kaya, da samari waɗanda babur ya zama musu kamar ƙafa, saboda haka idan ɗayansu ya zauna a jirgi ya ga sitiyari da totur, sai ransa ya ba shi cewa abin da ya sani ne aka ɗora a kan ruwa. Alhali jirgi ba shi da birki, idan an saki totur yakan ci gaba da sulalawa har ƙarfin tafiyarsa ya ƙare, kuma ba da goshi yake juyawa ba, da bayansa yake juyawa, ta yadda matuƙin da ya karkata don ya kauce wa mai iyo zai iya kai masa farfela da kansa, tun da gindin jirgin yakan shara zuwa ɗaya gefen. Babur ɗin ruwa ya fi wannan yaudara, domin ruwan da injinsa ke fesawa ta baya shi ne ke juya shi. Wanda ya tsorata ya saki totur gaba ɗaya, kamar yadda hankalin kowane baƙon abin zai ba shi, a galibin irinsu ya rasa ikon karkatawa ke nan, sai ya zarce kai tsaye zuwa ga abin da yake gudu. Sa'an nan titi a tsaye yake, ruwa kuwa tafiya yake yi, iska ma tana tura jirgi ta gefe, ta yadda ko inji a kashe yake, jirgin ba ya zama inda aka bar shi.

Akwai wata 'yar igiya ja mai murɗiya wadda ake saƙalawa a maɓallin inji, ɗaya bakin kuma matuƙi ya ɗaura a cinyarsa ko a jikin rigarsa, domin idan taguwa ta wurga shi waje igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Ƙanƙanuwa ce har ido ya rena ta, amma ban san wani abu a jirgi da ya fi ta girman aiki ba. Jirgin da ya yar da matuƙinsa inji yana ci yakan shiga zagaye, ya komo kan waɗanda suka faɗa ruwa da farfela. A watan Mayu na 2013, a Padstow ta ƙasar Ingila, jirgi ya watsar da mutum shida 'yan gida ɗaya, ya yi ta kewaya su, uba da 'yarsa mai shekara 8 suka rasu, uwa ta rasa ƙafa, kuma masu bincike suka tarar ba a ɗaura igiyar ba. Amurka ta mayar da ɗaura ta doka tun 1 ga Afrilu 2021 a kan jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba. Wanda ya je haya a Ada ya ga igiyar a naɗe jikin sitiyari, ko babu ita ma sam, ya riga ya san irin hannun da zai saka ransa a ciki.

Yanzu sai mu dubi ruwayen kansu, domin kowanne da halinsa. Kogin da ke gaban Ada Foah shimfiɗaɗɗe ne mai ban sha'awa, ga tsibirai da itatuwan kwakwa, kuma kwanciyar nan tasa ita ke ruɗin baƙo. Gama can ƙasa kaɗan, kusa da Azizanya, kogin yana ratsawa ta tsakanin tuddan rairayi ya haɗu da teku, kuma teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare, to a sa'ar da take janyewa ruwan kogi yakan kwarara waje da ƙarfi, ya yi karo da raƙuman ruwa masu shigowa, su miƙe tsaye su karye, wurin da ɗazu yake lumui ya zama tafasa. Masunta na nan, waɗanda aka haife su a kan wannan baki, sukan jira lokacinsa kafin su ƙetare shi. Kuma akwai wata mas'ala da ya kamata Musulmi ya fi kowa lura da ita, tun da shi ma'abocin lissafin wata ne: cikar teku da janyewarta suna bin wata, sun fi tsanani a kwanakin tsayuwar jinjiri da kwanakin cikar farin wata, ƙaramar Sallah kuwa ranar ɗaya ga Shawwal take faɗuwa, kwanakin da ke bin layya kuma suna kusantar sha huɗu ga wata, wato ranakun da matasanmu suka fi tururuwa zuwa Ada suna daga cikin ranakun da jan ruwa ya fi ƙarfi a bakin kogin.

Mutanen Gana ba su manta da ranar Lahadi 6 ga Yuli 2014 ba, ranar da mawaƙin nan Castro, wanda sunansa na asali Theophilus Tagoe, ya je hutu Ada tare da abokinsa Asamoah Gyan, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a lokacin, ya hau babur ɗin ruwa da wata budurwa suka nufi wajen bakin kogin. An tsinci babur ɗin, amma su biyun ba a sake ganinsu ba, duk da neman da aka yi ta yi. Dokar shaida ta Gana ta 1975 tana ɗaukar wanda aka nema aka rasa labarinsa shekara bakwai a matsayin matacce, wa'adin da ya cika a 2021. Fuƙaha'unmu na Malikiyya ma sun yi babi a kan wanda ya ɓace, kuma duk wanda ya karanta littafin Risala a zaure ya san cewa matarsa za ta jira shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka bincika, sa'an nan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai tsawon da irinsa ba ya rayuwa ya shuɗe. Ina so saurayi mai iyali ya tsaya a nan ya yi tunani, domin ruwa ba kullum yake mayar da gawa ba, kuma gidan da bai yi jana'iza ba makokinsa ba ya ƙarewa.

Tafkin Volta kuwa haɗarinsa iri dabam ne. Da aka gina madatsar Akosombo tsakanin 1961 da 1965, a zamanin Kwame Nkrumah, ruwa ya malale kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutum wajen 80,000 daga gidajensu, har tsohon garin Kete Krachi, inda babban malaminmu Alhaji Umaru ya zauna ya karantar bayan yaƙin Salaga na 1892 har rasuwarsa a 1934, ya shige ƙarƙashin ruwa. Dazuzzukan da ruwan ya ci kuwa ba a sare su ba, ga su nan tsaye har yau, itatuwa masu tauri waɗanda ruwa bai ruɓar da su ba, wasu kansu a waje, wasu kuma taƙi ɗaya a ƙarƙashi inda ido ba ya gani, kuma da yake tafkin yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga damina da rani, hanyar da aka bi lafiya a watan Nuwamba za ta iya fasa cikin jirgi a watan Mayu. An yi ƙoƙarin cire kututture a wasu hanyoyi, har wani kamfanin Kanada ya ƙulla yarjejeniyar saran katako a ƙarƙashin ruwa, amma tafkin ya fi ƙarfin a share shi duka. A watan Afrilu na 2006 wani jirgi da aka maƙare da mutanen da aka tasa daga gandun dajin Digya ya kife, rayuka masu yawa suka salwanta. Idan jirgin katako mai tafiyar hankali yana mutuwa a kan kututture, ina ga jirgin roba mai gudun mota? Ga kuma hadari, wanda a farkon damina da ƙarshenta yakan taso daga gabas da guguwa, ya mayar da tafki teku kafin a kai gaci. Ga hazon hunturu mai ɓoye gaɓa. A ƙasan madatsa kuma, wajen gadar Adomi, gudun ruwa yana sauyawa bisa ga abin da aka saki daga injinan lantarki, balle lokacin da aka buɗe ƙofofi, kamar yadda aka fara yi ranar 15 ga Satumba 2023 har ruwa ya ci Mepe da garuruwan da ke kewaye.

Rigar ruwa, wato rigar hana nutsewa, ita ce mas'alar da na fi jin ciwonta, domin ita ce mafi arha, ita ce kuma aka fi renawa. Hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka, wadda ke ƙidaya haɗurran jiragen shaƙatawa kowace shekara, ta lissafa mutum 636 da suka rasu a 2022. Kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka san sanadinsu nutsewa suka yi, kuma kashi 85 cikin 100 na masu nutsewar ba su sanye da rigar. Wannan a ƙasar da yara da yawa ke koyon iyo tun suna ƙanana ke nan. A nan Gana, cikin 2023 kaɗai, 'yan makaranta takwas sun nutse a tafkin Volta a gundumar Sene ta Gabas a watan Janairu, wasu tara kuma a Faanaa kusa da Bortianor, a gefen Ankara, a watan Mayu. Saurayi yakan ce rigar tana ɓata kwalliya, ko ya ce ai ya iya ruwa. To Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma wanda jirgi mai gudu ya maka da ruwa ya suma, iyawarsa ba ta tare da shi a wannan sa'a. Sa'an nan tufafin Sallarmu, babbar riga da jallabiya da abaya da dogon hijabi, idan sun sha ruwa sukan nannaɗe hannu da ƙafa, gefensu kuma yana iya kama farfela. Wannan ba hujjar tuɓe sutura ba ce, hujja ce ta a zaɓi tufa marar ja, a cusa bakin mayafi ciki, a ɗora rigar ruwa a kan duka, a ɗaure maɗauranta tamau. Rigar da ke ƙarƙashin kujera ba ta ceton kowa, ta babba kuma ba ta yi wa yaro, domin zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo a sama.

Lodi ma haka. Kowane jirgin kirki yana da ƙaramin allo inda maƙerinsa ya rubuta adadin mutane da nauyi da ƙarfin injin da zai ɗauka. Tun 1876, bisa ga fafutukar Samuel Plimsoll a majalisar Ingila, aka wajabta zana layi a jikin jiragen kasuwa, wanda idan ruwa ya rufe shi an wuce haddi, kuma irin wannan layi hukuma ke shatawa a jikin jiragen fito na Yeji da Dambai da Kete Krachi da Tapa Abotoase, inda sojojin ruwa ke tsaye suna duba lodi. Kunyar a ce wa aboki ya jira zuwa na biyu ta kashe mutane da yawa. Haka kuma tashi tsaye da ruguwa gefe guda don ɗaukar hoto.

Game da doka, akalar al'amarin tana hannun Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Gana, wadda aka fi sani da GMA, da aka kafa da doka mai lamba 630 ta 2002, kuma take zartar da dokar jiragen ruwa mai lamba 645 ta 2003. Ita ke rajistar jirage, ita ke duba lafiyarsu, ita ke ba ma'aikatan ruwa takardar shaida, kuma ikonta ya haɗa teku da ruwayen cikin ƙasa. Saboda haka wanda ya sayi jirgi, ko ya sauko da shi daga tashar Tema, wajibinsa na farko shi ne ya kai takardunsa ga hukumar kafin jirgin ya taɓa ruwa, ya ji sharuɗɗan da suka hau kan irin nasa, ya nemi inshorar da za ta biya wanda ya cuta, sa'an nan ya zauna gaban mai koyarwa. Ilimin kuwa ba nisa ya yi ba, tun da Jami'ar Ilimin Teku da ke Nungua, wadda ta faro a matsayin kwalejin horar da ma'aikatan jirgi a 1958, tana nan a gefen gari. Mai haya shi ma yana da haƙƙin ya tambayi takardar jirgi da ta matuƙi, kamar yadda ba ya jin nauyin duba sikeli a kasuwar Nima. Kuma kada ɗan ƙaramin jirgi ya kusanci mashigar tashar Tema, domin babban jirgin kaya ba ya tsayawa sai bayan tafiya mai nisa, matuƙinsa ma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin goshinsa.

Ruwa ba shi da layi ko fitilar kan titi, amma yana da ƙa'idojin haɗuwa waɗanda ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kansu a 1972, ƙarƙashin hukumar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Landan, suka fara aiki a 1977. Domin teku da mashiganta aka tsara su, amma mai hankali yana riƙe da su a kogi da tafki. Asalinsu biyu ne: a sa ido da kunne a kowane lokaci, kuma a yi gudun da za a iya tsayawa cikin nisan da ido ke gani. Idan jirage biyu masu inji suka fuskanci juna, kowanne ya karkata dama, abin da ba zai yi wa ɗan Gana wuya ba tun da ƙasar ta koma tuƙin hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974; idan hanyoyinsu za su gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa ta damansa shi ne zai ba da hanya, ya bi ta bayansa; mai wucewa shi ke da alhakin kaucewa har ya wuce sarai; mai inji kuma yana ba mai tafiya da iska hanya, da mai jan taru. Da dare ana kunna ja a hagu, kore a dama, fari a baya, don a gane inda jirgi ya dosa. Busa gajere guda yana nufin na karkata dama, biyu hagu, uku ina ja da baya, biyar kuwa ban gane nufinka ba. Mai haƙƙin hanya ma ba a yarda ya nace har a yi karo ba. Idan ya ga ɗayan bai kauce ba, kaucewa ta hau kansa.

A nan ne ya kamata a tuna cewa mai shaƙatawa baƙo ne a gonar wasu. Kogin da ya zo yi wa wasa shi ne kasuwar mutanen Ada da makarantar 'ya'yansu da hanyar asibitinsu. Akwai masu nutso suna tono ƙumba a ƙasan kogi, waɗanda ba a ganin komai nasu sai kwalekwale a tsaye da 'yar tiyo, akwai taru a shimfiɗe da gora ko jarka a matsayin alama, akwai kejin kiwon karfasa, akwai mata da yara a kwalekwalen da bakinsa bai fi tafin hannu daga ruwa ba. Taguwar da jirgi mai gudu ke bari a bayansa tana iya kifar da irin wannan kwalekwale bayan mai jirgin ya yi nisa yana dariya, bai ma san abin da ya aikata ba, kuma alhakin yana wuyansa. Rage gudu kusa da gaɓa da mashigi da masu iyo, har jirgi ya daina tayar da taguwa, shi ne mafi ƙarancin haƙƙin maƙwabtaka.

Magabatanmu ba su bar wannan babi ba. A cikin littafin Mudawwana na Malikiyya an rarrabe tsakanin mahaya dawaki biyu da suka yi karo da jirage biyu da suka yi karo: mahaya akwai lamuni a kansu, domin linzami yana hannunsu, ma'abota jirage kuwa an ɗauke musu, domin iska takan rinjaye su, sai fa in an san suna da ikon kaucewa suka ƙi. To a duba illar hukuncin da kyau. Uzurin da aka yi wa matuƙin wancan zamani, iska ce. Wanda ya riƙe totur, shi ya zaɓi gudunsa, shi ya zaɓi hanyarsa, shi ya zaɓi ya fita alhali hadari ya haɗu, a ganina ya fi kusa da mai linzami, kuma sakacinsa ya fitar da shi daga uzuri. Kisan kuskure kuwa yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere, kuma dokar laifuffuka ta Gana ta 1960 tana hukunta wanda ya yi sanadin rai ta hanyar gangancin da ke nuna rashin damuwa da ran ɗan Adam. Nakan ji ana cewa a wurin ta'aziyya ajali ne ya yi kira, kuma wanda ya nutse ya yi shahada. Gaskiya ne muna kyautata wa mamaci zato da wannan bushara, kuma babu mai wuce kwanansa, amma bushara ga mamaci ba ta wanke mai sakaci, ƙaddara kuma ba a kafa hujja da ita don a kauce wa tuhuma, in ba haka ba da an rufe kotuna tun tuni. Riƙo da sababi yana daga cikin tawakkali, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar. Abin maye kuwa, barasa ne ko wiwi ko ƙwayar taramol da ta addabi unguwanninmu, haramcinsa ninki biyu ne ga mai riƙe da inji, domin rana da iska da girgizar jirgi sun riga sun rage masa kaifin hankali tun kafin ya ƙara da wani abu.

Shirin fita ba shi da tsawo. A saurari hasashen hukumar yanayi, a tambayi masunta na wurin lokacin cika da janyewa, domin matambayi ba ya ɓata. A kasa mai uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na komowa, ɗaya na ajiya. A kashe inji da sigari lokacin zuba fetur, a bar iska ta ratsa kafin a tayar, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a cikin jirgi yana jiran tartsatsi. A ɗauki anga da igiyarta, da filafili, da abin kwarfe ruwa, da abin kashe gobara, da tocila da usur, da waya a cikin leda mai hana ruwa. Lambar gaggawa a Gana 112 ce, mai rediyon jirgi kuma tasha ta 16 ce ta neman agaji. Rana a Ankara tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a kowane wata, duhu kuma ba ya jinkiri bayanta, saboda haka wanda bai ɗaure jirginsa ba kafin kiran magariba ya makara. Masu sha'awar faɗawa ruwa a gefen tafki su sani akwai tsargiya a wuraren ciyayi.

Idan kuwa abin da ake gudu ya auku, wani ya faɗa ruwa, a jefa masa abin da ke yawo nan da nan, mutum guda ya tsare shi da ido yana nuna shi da hannu ba tare da ya waiwaya ba, matuƙi ya kewayo a hankali ya tunkare shi yana fuskantar iska ko gudun ruwa, ya kashe inji ɗungum kafin a jawo shi. Kada wanda bai ƙware ba ya yi tsalle don ceto, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo masa su tafi tare. Idan jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, gama ya fi kan mutum saurin ganuwa, kuma gaɓa ta fi yadda ido ke nunawa nisa. Wanda aka tsamo ba ya numfashi a hura masa iska a baki, a danna ƙirjinsa, a ci gaba har taimako ya iso, wanda ya farfaɗo ma a kai shi asibiti. Tsayawa a ceci wanda ke halaka wajibi ne a dokar teku, a fiƙihu kuwa har salla ake yankewa dominsa.

Nauyi mafi girma, a ganina, yana kan shugabannin ƙungiyoyin da ke shirya waɗannan tafiye-tafiye, da sarakunan zango da limamai waɗanda matasa ke jin maganarsu. Huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah za ta ɗauki wannan magana ba tare da ta yi nauyi ba. Shugaban tafiya kuma ya aika tun kafin ranar a tabbatar masa da adadin rigunan ruwa, har da na yara, ya rubuta sunan kowa da lambar waliyyinsa, ya bar takardar a hannun wani dattijo da zai zauna a gaɓa, wanda ya san inda jirgi ya nufa da lokacin da aka yi alkawarin komowa, a ƙidaya mutane wajen shiga, a sake ƙidayawa wajen sauka, kuma idan lokacin ya wuce da rabin sa'a ba a ga jirgi ba, dattijon ya kira 112 ya kuma sanar da masunta na kusa, kada ya jira duhu.